Karatun Baƙin Ido: Abin da Ido Ke Faɗa Game da Jiki, da Abin da Ake Laƙaba Masa

Akwai wata hanyar binciken lafiya da ake kira iridoloji, wadda masu yin ta ke cewa duk abin da ke damun jikin mutum a rubuce yake a baƙin idonsa. Ba a ɗibar jini, ba a kai fitsari ɗakin gwaji, ba a ɗaukar hoton ƙirji. Mutum zai zauna a haska masa 'yar fitila, a leƙa idon da madubin ƙara girma ko a ɗauki hotonsa a sa a kwamfuta, sai a fara karanto masa: hantarka ta gaji, hanjinka ya tara datti, ƙodarka ta hagu tana da rauni. Yawanci zaman yakan ƙare da jerin magungunan ganye da ƙwayoyin ƙarin sinadarai da za a saya, sau da yawa a hannun wanda ya yi karatun.

Ba na cikin masu yi wa mutanen da ke zuwa wurin nan kallon marasa wayo. Wanda ya daɗe yana fama da ciwon da aka kasa gane kansa, ko wanda gwajin asibiti ya fi ƙarfin aljihunsa, ko mai tsoron allura, idan aka ce masa ga hanyar da za a ga cikinsa gaba ɗaya cikin minti ashirin ba zafi, dole ransa ya biya. Abin da ya ƙara wa maganar ƙarfi kuma shi ne rabinta gaskiya ce. Ido yana faɗin ciwon jiki, kuma likitoci na dogara da shi kullum. Tambayar ita ce wane ɓangare na idon, ta wace hanya saƙon ke isowa, kuma da aka gwada masu wannan ikirari, me aka samu.

Baƙin ido da ake magana a kansa shi ne zoben nan mai launi da ya kewaye 'yar ƙofar tsakiya inda haske ke shiga. Faɗinsa bai wuce milimita 12 ba. Aikinsa daidaita haske: tsoka ɗaya tana tsuke ƙofar idan haske ya yi yawa, ɗaya tana buɗe ta idan duhu ya yi. Idan aka matso da shi a ƙarƙashin madubi za a ga zare-zare da ramuka da ɗigo-ɗigo da wasu layuka masu zagaye, kuma na kowa daban yake. Waɗannan su ne masu iridoloji ke karantawa. Suna da taswira wadda ta tsaga zoben kamar fuskar agogo, gida 80 zuwa 90 a kowane ido, kowane gida da gaɓar da aka ba shi. A taswirar da ta fi yaɗuwa, ƙwaƙwalwa tana sama wajen ƙarfe 12, ƙafa da ƙoda suna ƙasa wajen ƙarfe 6, hanta tana idon dama, zuciya a na hagu. Zoben da ya fi kusa da ƙofar haske na tumbi ne, sai na hanji, na can bakin gefe kuma na fata. Rami a gidan huhu, a wurinsu, raunin huhu ne. Farin zare kumburi ne, baƙin ɗigo kuma guba ce da ta taru ko nama da ya lalace.

Asalin abin daga Turai yake, a ƙarni na 19. Wani likita ɗan ƙasar Hangari, Ignaz von Peczely, wanda aka haifa a 1826, shi ake ɗauka uban wannan fanni. Labarin da ake bayarwa shi ne yana ɗan yaro ya kama wata mujiya, ƙafarta ta karye a hannunsa, sai ya ga wani baƙin layi ya fito a ƙasan idonta. Da ya girma ya shiga aikin magani, sai ya riƙa lura da idanun marasa lafiya yana zana abin da ya gani, har ya fitar da littafi da taswira a farkon shekarun 1880. Ko cikin danginsa an samu wanda ya ce labarin mujiyar ƙage ne. Amma mu ɗauka ya faru. Tsuntsu ɗaya ne, yaro ɗaya ne ya gani, kuma babu wanda ya duba idon mujiyar kafin ƙafar ta karye, balle a san ko layin dama can yana nan.

A daidai wannan zamani wani limamin coci a Suwidin, Nils Liljequist, ya ce ya ga launin idonsa ya canza bayan ya sha kwinin da aidin, ya kuma wallafa nasa littafin a 1893. A Jamus wani fasto, Emanuel Felke, ya haɗa karatun ido da maganin gargajiyarsu, abin ya samu gindin zama a can har yau. Daga nan ya tsallaka Amurka, inda Bernard Jensen, wanda ya rayu daga 1908 zuwa 2001, ya fitar da taswirarsa a shekarun 1950. Ita ce aka fi gani a bangon masu sana'ar a ƙasashe da yawa. Ba ita kaɗai ba ce, akwai wasu da dama, kuma ba su daidaita a kan kowane gida ba. Ɗigo ɗaya a ido ɗaya yana iya zama wata gaɓa a taswirar wannan, ya zama wata a ta wancan.

Adalci ya sa a tuna duniyar da von Peczely ya yi aiki a cikinta. Lokacin da ya fitar da littafinsa babu hoton ƙashi, domin sai a 1895 Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukarsa da shi. Ƙwayar cutar tarin fuka ma sai a 1882 Robert Koch ya nuna ta. Likitan wancan lokaci idonsa da kunnensa da tafin hannunsa su ne kusan duk kayan aikinsa, don haka ba abin mamaki ba ne ya nemi wata taga da zai hango cikin jiki ta cikinta. Neman ba laifi ba ne. Inda aka samu matsala shi ne an zana taswirar, an yi ta koyar da ita shekaru masu yawa, ba tare da an tsaya an gwada ta yadda ya kamata ba.

Idan aka tambayi masu iridoloji yadda labarin hanta ke isa baƙin ido, sai su ce ta jijiyoyi: kowace gaɓa tana aika saƙo ta laka da ƙwaƙwalwa zuwa gidanta a cikin zoben, zaren wurin kuma sai ya canza. Masu ilimin sassan jiki sun daɗe da bin diddigin jijiyoyin ido ɗaya bayan ɗaya. Babbar jijiyar gani daga tantanin bayan ido take tashi ta nufi ƙwaƙwalwa, ba ta bi ta baƙin ido ba. Waɗanda ke zuwa baƙin ido kuwa an san su: masu ba tsoka umarnin tsukewa, masu ba ta umarnin buɗewa, da masu kai saƙon zafi. Ba a taɓa samun wata jijiya da ta taso daga maɗaciya ta sauka a wani keɓaɓɓen lungu na idon dama ba. Duk da haka ni ba zan tsaya a nan ba, domin a tarihin magani an sha cin moriyar abu shekaru masu yawa kafin a gane yadda yake aiki. Rashin sanin hanya bai isa ya kashe magana ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne a kawo masu ciwo da masu lafiya a cakuɗa su, a hana mai karatun sanin wane ne wane, a ce ya ware. Idan a rubuce ciwon yake a ido, zai ware su, ko an san dalili ko ba a sani ba.

An yi wannan gwaji, kuma ba sau ɗaya ba. A 1979 wasu masu bincike a San Diyego da ke jihar Kalifoniya, Allie Simon da David Worthen da John Mitas, suka ɗauki hotunan idanun mutum 143. Daga cikinsu 48 suna da ciwon ƙoda wanda gwajin jini ya tabbatar, 95 kuma ƙodarsu lafiya lau. Aka ba masu iridoloji uku hotunan, kuma ɗaya daga cikin ukun shi ne Bernard Jensen da kansa, mai taswirar. Ba a zaɓi ƙoda da ka ba: tana da gida bayyananne a taswirar, kuma ciwonta abu ne da ake aunawa da lamba, babu gardama a kan wa ke da shi. Sakamakon da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga ya nuna babu ko ɗaya cikin ukun da ya iya warewa. Ɗayansu ya ce kashi 88 cikin 100 na masu lafiyar suna da ciwon ƙoda. Wani kuma ya kalli waɗanda ciwonsu ya kai ga wankin ƙoda, ya ce kashi 74 cikin 100 nasu kalau suke.

Lambobin nan biyu sun cancanci a dakata a kansu, domin kowace tana nuna wata irin ɓarna. Wanda ke ce wa kusan tara cikin goma na masu lafiya suna da ciwon ƙoda, tabbas zai dace da masu ciwon gaske da yawa, tunda kusan kowa yake ɗora wa ciwon. Waɗanda ya dace da su za su fita suna yabonsa, suna cewa ya gano abin da asibiti ya tabbatar daga baya, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sauran da ya tsorata a banza ba za su taɓa sanin a banza ba ne. Za su sha magani wata uku, su je gwaji a ce ƙodarsu lafiya, su ce maganin ne ya yi aiki. Ta haka mai kuskure yake tara shaidu ta ɓangare biyu. Na biyun kuwa, wanda ya sallami masu buƙatar wankin ƙoda da cewa babu komai, shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin irin wannan sallama tana iya zama ajali.

A 1988 Paul Knipschild, masanin yaɗuwar cututtuka a Holan, ya sake gwajin da maɗaciya. Ya samo mutum 39 masu kumburin maɗaciya wanda tiyata ta tabbatar, da wasu 39 masu lafiya da suka yi daidai da su a shekaru da jinsi, ya ba fitattun masu iridoloji biyar hotunan idanunsu. Dacewarsu ta tsaya wajen kashi 51 cikin 100. A tambayar da amsarta e ce ko a'a, mai canki-canka ma rabi yake samu. Ƙari a kan haka, su biyar ɗin ba su yarda da juna ba a kan wa ke da ciwon, alhali hoto ɗaya suke kallo, gida ɗaya suke dubawa. A 2005 kuma Karsten Münstedt da abokan aikinsa a Jamus suka gwada da sankara. Mutum 110 ne, 68 daga cikinsu an tabbatar suna da sankarar mama ko ta mahaifa ko ta ƙwan mace ko ta hanji ko ta firostet (wata gaɓa a ƙarƙashin mafitsarar namiji), 42 kuma ba su da ita. Aka kawo gogaggen mai iridoloji, aka ba shi damar faɗin cuta har biyar ga kowane mutum. Mutum uku kacal ya dace da ainihin ciwonsu.

Edzard Ernst, farfesan da ya shafe shekaru yana nazarin magungunan da ba na asibiti ba a Jami'ar Exeter ta Ingila, ya tattara gwaje-gwajen da aka yi da ƙa'ida, ya rubuta a shekara ta 2000 cewa hanyar ba ta da amfani kuma tana iya cutarwa. Gwamnatin Ostareliya ta yi nata bitar a 2015, ba ta samu hujjar da ke goyon bayan iridoloji ba, daga watan Afrilun 2019 kuma ta cire shi daga abubuwan da inshorar lafiya mai tallafin gwamnati za ta biya.

Masu sana'ar sun mayar da martani iri biyu. Na farko, hoto ba kamar ganin ido da ido ba ne. Wannan ba ta da nauyi, domin da hoto su kansu suke aiki, da shi suke koyarwa, shi suke nuna wa mai zuwa wurinsu a fuskar kwamfuta. Na biyun ya fi dabara, kuma shi aka fi ji a yau: mu ba cuta muke ganowa ba, rauni muke gani, wato inda jikin mutum ya karkata, abin da zai iya samunsa nan gaba. Wannan magana ta canza komai. Idan aka ce ƙodarka tana da rauni, ka je gwaji aka ga ciwo, an dace. Idan ba a ga komai ba, ai an riga asibiti gani ne, ciwon bai fito ba tukuna. Idan ka rayu shekara tamanin ƙodarka ba ta taɓa ciwo ba, shawarar da aka ba ka ce ta kare ka. Babu sakamakon da zai iya nuna an yi kuskure. Maganar da ba yadda za a yi ta faɗi ƙasa ba ta gaya wa mutum komai game da jikinsa, domin da mai ciwo da mai lafiya duk ta hau kansu daidai.

Akwai kuma wani shaida daga inda ba a zata ba, wato na'urorin tantance mutum ta ido. Zanen baƙin ido yana fara samuwa tun wata na uku a ciki, ya kusa kammala kafin haihuwa, launin ne kawai ke ci gaba da zama a farkon rayuwa. Daga nan zanen yakan tsaya yadda yake, sai dai in ciwo ko rauni ko tiyata ta taɓa idon kansa. A kan wannan tsayuwa John Daugman na Jami'ar Kambirij ya gina lissafin da ya yi wa rajista a 1994, wanda aka ɗora mafi yawan na'urorin tantance ido a kansa. Indiya ta ɗauki idanun mutum sama da biliyan ɗaya a shirinta na lambar shaidar mazauna ƙasar mai suna Aadhaar. Da wannan lissafin aka tabbatar a 2002 cewa wata mata 'yar Afganistan ita ce yarinyar da aka ɗauki hotonta a sansanin gudun hijira a 1984, bayan shekara 18 na yaƙi da wahala da haihuwa. Da a ce kowane ciwon hanta da karayar ƙafa suna sake zana idon mutum, da waɗannan na'urori sun riƙa mance mutane duk lokacin da suka kwanta asibiti.

To, idan aka koma aka ce zanen ba ya canzawa, gado ne kawai yake nunawa, nan ma akwai tarnaƙi. Tagwaye masu kama ɗaya gadonsu ɗaya ne, launin idonsu ɗaya, amma ƙananan ramuka da zare-zaren idanunsu sun sha bamban, har na'ura tana raba su kamar yadda take raba baƙi biyu. Idon dama da na hagu na mutum ɗaya ma haka suke. Waɗannan ƙananan alamu, waɗanda su ne ake karantawa gida-gida, suna samuwa ne bisa yadda naman ya miƙe ya tsattsage lokacin da ake halittar idon a ciki.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne an zana taswirorin nan ne a cikin mutanen da yawancinsu idanunsu shuɗaye ne ko masu haske, inda zaren ke fitowa fili. Mafi yawan mutanen duniya idanunsu ruwan ƙasa ne mai duhu, kuma sinadarin launin da ya lulluɓe gaban zoben yana rufe yawancin zaren da ake cewa ana karantawa. Littattafan iridoloji sun ware masu irin wannan ido a matsayin wani rukuni mai saurin kamuwa da matsalar jini da hanta, wasu masu sana'ar har suna cewa ido zai washe idan an wanke jiki daga guba. Duhun ido yawan sinadarin launi ne da aka gada, shi ne kuma ke ba fata launinta. Ba datti ba ne, kuma babu abin da za a wanke.

Me ya sa to mutane ke fitowa suna rantsuwa an faɗa musu gaskiya? Ba na jin yawancin masu sana'ar maƙaryata ne. Da yawansu sun biya kuɗi sun koya, sun kuma yi imani da abin da suke yi. Amma mai karatun ba ido kaɗai yake gani ba. Yana ganin shekarun mutum, da ƙibarsa ko ramarsa, da yadda yake numfashi, da yadda ya zauna, yana kuma jin abin da ya kawo shi. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma duk mai lura zai iya cewa dattijo mai nauyin jiki yana fama da gwiwa ko hawan jini ba tare da taswira ba. Gwaje-gwajen da na ambata wannan suka cire, suka bar baƙin idon shi kaɗai, sai dacewar ta ɓace. Sannan abubuwan da akan faɗa na kowa ne: gajiya, kumburin ciki, rashin barci, damuwa, ciwon baya. A 1948 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 takarda iri ɗaya sak, ya ce wa kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai. Da ya ce su auna dacewarta daga 0 zuwa 5, matsakaicin abin da suka ba ta ya kai 4.3. Haka zuciya take, tana riƙe abin da ya dace ta saki wanda bai dace ba.

Akwai dalili na uku, kuma wannan ya kamata likitoci su ji shi. Mai iridoloji yakan zauna da mutum rabin awa ko fiye, ya dube shi, ya saurare shi, ya nuna masa hoton idonsa, ya ba shi bayanin da zai iya riƙewa. A asibitoci da yawa a duniya mara lafiya ba ya samun ko kwatar wannan. Buƙatar a saurare ka buƙata ce ta gaske, kuma wanda ya biya ta zai samu amana ko da abin da yake faɗa ba daidai ba ne.

Sau da yawa akan ce ai kallo ne kawai, ko bai amfana ba ba zai cutar ba. Gaskiya ne fitilar ba ta cutar da ido. Amma binciken cuta ba a kallon yake ƙarewa ba, a kansa ake gina shawara: a je asibiti ko a zauna, a ci gaba da magani ko a ajiye, a kashe kuɗi a nan ko a can. Ciwon ƙoda yakan yi shekaru yana cin mutum shiru, hawan jini da ciwon suga da suka fi jawo shi su ma haka, sankara kuma bambancin wadda aka kama da wuri da wadda ta bazu sau da yawa 'yan watanni ne. Matar da ta ji ƙullutu a mamanta, aka duba idonta aka ce gidan mama babu komai, an ba ta dalilin jinkiri a daidai lokacin da ta fi son a ba ta shi. Wanda aka ce hantarsa ta cika da guba kuma zai iya ɗura wa lafiyayyar hanta haɗe-haɗen da ba a san ƙarfinsu ba, alhali wasu magungunan ganye da na ƙarin sinadarai su kansu an san suna lalata hanta da ƙoda.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gaskiyar abin da ido ke nunawa ta fi taswirar ban sha'awa nesa ba kusa ba. Farin ido ya koma ruwan ɗorawa, ciwon shawara ne, ana kuma neman dalilinta a hanta ko a jini. Cikin fatar ido ya yi fari fat, ƙarancin jini. Zobe mai ruwan ƙasa da kore a gefen tantanin gaban ido, wanda likitocin ido na Jamus Kayser da Fleischer suka bayyana a 1902 da 1903, yana nuna jan ƙarfe ya taru a jiki saboda wata cutar gado mai suna Wilson, wadda ke lalata hanta da ƙwaƙwalwa idan ba a kama ta ba. Farin zobe a wannan wurin a idon tsoho ba komai ba ne, amma a idon matashi yana sa a auna kitsen jini. A kan baƙin idon kansa ma akwai alamu na gaske: sababbin jijiyoyin jini da ke tsirowa a kansa idan ciwon suga ya yi nisa, kumburinsa da ke iya biyo bayan tarin fuka ko tunjere ko wani ciwon ƙashin baya, da 'yan ƙulle-ƙullen da ke fitowa a wata cutar gado ta jijiyoyi. Ƙari a saman huhu yana iya danne jijiyar da ke buɗe ƙofar haske, sai a ga ƙofar ido ɗaya ta tsuke, fatar idon ta ɗan sauko. Ga huhu ya yi magana ta ido, amma ta hanyar da aka sani, aka bi ta daga ƙirji zuwa wuya zuwa ido.

Har tsakanin baƙin ido da ƙoda akwai alaƙa ta gaske. Akan haifi wasu yara ba su da zoben, ko kuma ɗan guntu kawai. Idan babu mai irin wannan a danginsu, likitoci kan riƙa duba ƙodarsu a kai a kai, domin ƙwayar gadon da ke gina baƙin ido da wadda ke kare ƙoda daga wata sankarar yara maƙwabtan juna ne a kuromosom na 11, ɗaya daga cikin zare-zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, kuma wani lokaci tare suke ɓacewa. Kowace daga cikin waɗannan alamu tana da suna, tana da dalili, an ƙirga sau nawa take dacewa da sau nawa take kuskure, kuma babu wadda ake yanke hukunci da ita ita kaɗai sai an bi ta da gwaji.

Tagar da von Peczely yake nema ma an riga an buɗe ta tun yana saurayi. A 1851 Hermann von Helmholtz ya fito da madubin leƙa cikin ido, wanda ke nuna tantanin baya, inda ake ganin jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru ba tare da an yanka mutum ba. A can ake ganin ɓarnar ciwon suga da hawan jini da sikila, da kumburin jijiyar gani idan matsi ya yi yawa a cikin kai. Wannan yana da muhimmanci yanzu da manhajojin waya da na kwamfuta masu karatun baƙin ido suka yawaita, domin a ido duk na'ura ce da hoto da rahoto mai launi. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata manhaja mai suna IDx-DR wadda ke duba hoton bayan ido ta gano lalacewar da ciwon suga ke yi. Kafin a amince da ita sai da aka gwada ta a kan mutum 900, ta kama kashi 87 cikin 100 na masu matsalar, ta kuma wanke kusan kashi 90 na waɗanda ba su da ita. Manhajar iridoloji kuwa tsohuwar taswirar nan ce aka ɗora a kan hoto, kuma kyan kyamara ba ya gyara taswirar da ta faɗi gwaji.

Wanda aka riga aka karanta wa ido aka ce ƙodarsa ta raunana, kada ya kwana da fargaba kuma kada ya fara shan komai a kan wannan maganar. Gwajin jini na kiriyatinin da gwajin furotin a fitsari za su ba shi amsa, hanta ma tana da nata gwajin jinin. Wanda aka ce masa lafiyarsa kalau alhali yana ramewa, ko yana ganin jini a bayan gida, ko ƙafafunsa na kumbura, ko akwai ƙullutun da bai san da shi ba, ya ɗauka ba a duba shi ba tukuna. Kada kowa ya ajiye maganin hawan jini ko na suga don an ce idonsa ya nuna sauƙi. Mai ciwon suga kuma yana buƙatar a duba masa ido aƙalla sau ɗaya a shekara ko da yana gani garau, a wurin likitan ido, inda za a ɗiga masa maganin buɗe ƙofar haske a leƙa tantanin baya, domin lalacewar wurin takan yi nisa kafin gani ya fara raguwa.